'Yar Shilar da Na Ce Ba Tawa Ba Ce

A shekarar 1998, shekarar da Janar Abacha ya rasu, ina da shekara 12 a duniya, kuma dukiyata kaf tantabaru biyu ce. Mu a Gwandu tattabara muke cewa. Namiji ne da mace, dukansu jajaye, ja irin na sabuwar tukunya da aka ciro daga wuta. Wata da watanni na yi ina dakon kaya ranar kasuwa, ina tara 'yan canji a gwangwanin madara, kafin na iya sayensu. Duk wanda ya taɓa kiwon tantabaru yana yaro ya san abin da nake nufi idan na ce ba na iya barci sai na leƙa tukunyarsu na ga suna ciki.

Namijin na fi so. Jikinsa ja ne, amma wutsiyarsa da dogayen gashin fiffikensa sun yi haske, fari-fari, kamar an barbaɗa musu gari. Idan na kama shi na baza wutsiyar kamar mafici, sai in ga wasu ɗige-ɗige baƙaƙe nan da can, tamkar almajiri ya yarfa alƙalami a kan allo. Macen ba ta da su. Da ɗigon nan nake yi wa yaran unguwa alfahari, ina cewa ko cikin tantabaru dubu aka saka shi zan fitar da abina.

Da damina ta zo ƙarshe aka ɗauke ni makarantar kwana. Baba ya ce shi ba zai yi gadin tsuntsu ba, ƙannena kuma ƙanana ne, ga wani muzuru da ya addabi unguwar. Inna ce ta kawo shawarar a kai su Kalgo, gidan wanta. A can akwai taubashina, ɗan Kawu, wanda ya girme ni da shekara guda, yana da 'yan tantabarunsa a bayan rumbu. Muka saka su a kwando, muka rufe da tsohon zane, muka hau mota. A gaban Inna muka yi yarjejeniya: ƙyanƙyasar farko tawa ce, daga nan sai mu riƙa rabawa. Taubashi ya ɗaure musu gashin fiffike da zare don kada su tashi su nemi hanyar Gwandu, ya ce in tafi hankalina kwance.

Hutun farko, hunturu ya kama, ko kwana biyu ban yi a gida ba na matsa sai an kai ni Kalgo. Gaisuwar ma a tsaitsaye na yi ta, na wuce bayan rumbu. Na tura hannu cikin tukunya na ciro ɗan shila na farko, ja kamar iyayensa. Na sake turawa na ciro na biyu. Ruwan toka ce, da ratsi biyu baƙaƙe a kowane fiffike, irin gama-garin tantabarar nan da ke kwana a rufin masallaci da rumfar tasha, wadda ba a taya ta da kuɗin kirki a kasuwa.

Na ce, "Ina ɗayan?"

Ya ce, "Wane guda? Su biyu na, ga su nan hannunka."

"Wagga ba tawa ta ba."

Ya yi dariya, yana zaton wasan taubasai na fara. Ni kuwa lissafi nake yi. Kowa ya san tantabara ƙwai biyu take yi, kuma kowa ya san ba ta bambance nata da na wata. Idan ka ɗauke ƙwanta ka sa wani, za ta kwanta a kai, ita da mijinta su ciyar da abin da ya fito. Masu kiwo kullum suna yin haka. Ja ta fi toka kuɗi. Shi yana da masu ruwan toka. Ja da ja kuwa, a iya sanina, ba abin da za su haifa sai ja. Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na haɗa wannan da wancan, amsa ta fito mini fes.

"Ka sayar da jan, ka sa mini taka. Ɓarawo!"

Kawu yana zaune a kan tabarma yana tufkar igiya. Ya ɗago kai ya ce, "Mi kac ce?" Na maimaita. Kawu mutum ne da ba ya wasa da amana, balle amanar ɗan ƙanwarsa. Ya taso, ya tambayi ɗansa sau ɗaya. Taubashi ya ce, "Wallahi Baba, ita taƙ ƙyanƙyashe su." Kawu ya dubi jan namiji, ya dubi jar mace, ya dubi 'yar shilar da ke hannuna. Shi ma lissafin da na yi shi ya yi. Ya karyo tsumagiya daga darbejiyar tsakar gida.

Abin da ya tsaya mini a rai har yau ba dukan ba ne, rantsuwar ce. Duk bulalar da ta sauka sai ya ce wallahi, duk wallahin da ya ce kuma sai ta ƙara wa Kawu fushi, don a ganinsa ƙarya ake haɗawa da sunan Allah. Ina tsaye ina kallo, zuciyata na gaya mini gaskiya ce ta yi halinta.

Da yamma na kwashe jajayena uku a kwando. 'Yar tokar na bar ta a bakin tukunya, ko cin hatsi da kanta ba ta fara ba. Na ce wanda ya kawo ta ya san yadda zai yi da ita.

Kafin in dawo hutu na biyu muzuru ya gama da duka ukun. Da sun rayu sun ƙara ƙyanƙyasa uku ko huɗu a gidanmu, da wataƙila wata tokar ta fito a gaban idona, magana ta ƙare tun a lokacin. Ba su rayu ba. Tsakanina da Taubashi kuwa wasa ya mutu. Ranar Salla mukan gaisa, idan an yi rasuwa mukan zauna tabarma ɗaya, amma ko rahar kuɗin shara da taubasai ke yi a watan cika-ciki ba mu ƙara yi ba. Da na gama karatu na fara koyarwa, sai ya koma kirana Malam, yadda baƙo zai kira ni.

Abin kunyar shi ne, ilimin halittu nake koyarwa a sakandare. Kowace shekara nakan tsaya gaban allo in ba ɗalibai labarin Gregor Mendel, malamin cocin nan da ya wallafa sakamakon bincikensa kan wake a 1866, in zana musu akwati mai gida huɗu, in nuna musu yadda sifa kan ɓuya a jikin iyaye ta fito a jikin 'ya'ya. Ko sau ɗaya ban haɗa waken Mendel da tukunyar bayan rumbun Kawu ba. Abin da ke littafi yana littafi, abin da ke gida yana gida.

Sai a 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu. Ina zaune ba aikin yi, ina neman misalin da ya fi wake kusa da rayuwar ɗalibaina, sai na faɗa wani shafi da Jami'ar Utah ta Amurka ta shirya don koyar da ilimin gado ta hanyar tantabaru. Na fara karantawa a waya bayan sallar isha'i.

Ja da toka na tantabara, ashe, duk daga sinadari ɗaya suke, melanin, wanda shi ne dai ke fatarmu da gashin kanmu. Iri biyu ne: ɗaya baƙi, ɗaya ja-ja kamar tsatsa. Wasu ƙwayoyin halitta da ke gindin gashi ne ke ɗura shi lokacin da gashin ke tsirowa, kuma da zarar ya gama fitowa ya zama matacce kamar farce, ba a ƙara masa komai sai ya zube wani ya fito. Ko ruwan tokar nan ma baƙin melanin ne da aka dunƙule shi ƙulli-ƙulli, ido ya gan shi toka. Inda aka baza shi sosai, nan ne ratsin baƙi ke fitowa a fiffike.

Wane iri za a ɗura, wannan umarni ne da ke rubuce a wasu zarurruka da ke cikin ƙwayoyin jiki, waɗanda ake kira kuromosom. Biyu-biyu suke zuwa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A wurin ɗan Adam, zaren da ke raba jinsi iri ɗaya ne guda biyu a jikin mace, X da X, namiji kuma X da Y. A wurin tsuntsaye abin a juye yake: namiji ne mai Z da Z, mace Z da W. Wannan na sani, ina ma koyar da shi. Abin da ban sani ba shi ne, ƙwayar gadon da ke zaɓar asalin launin tantabara a kan zaren Z take, W ba ya ɗauke da ita. Kama uku take zuwa da su: ja, toka, da ruwan ƙasa. Ja tana rinjayar toka, toka tana rinjayar ruwan ƙasa. Masu kiwo sun daɗe da lura da hakan, amma a 2014 ne masu bincike a ɗakin gwajin Michael Shapiro na wannan jami'ar suka nuna ainihin ƙwayar, mai suna Tyrp1.

To, ka duba abin da wannan ke nufi, mai karatu. Mace Z ɗaya gare ta, saboda haka abin da ke jikinta shi ke cikinta, ba ta da inda za ta ɓoye wani launi. Namiji kuwa biyu gare shi. Yana iya sanya babbar riga ja, 'yar cikinsa toka, ba wanda ya gani. Ɗa namiji yana karɓar Z ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Idan uwar ja ce, to shi ma ja zai fito ko me uban ya ba shi. 'Ya mace kuwa W kawai take samu daga uwarta, Z ɗinta guda daga uba yake zuwa. Uwa ba ta da ta cewa a launin 'yarta. Idan uban ya miƙa mata jan zare ta fito ja, idan ya miƙa mata wanda yake ɓoyewa ta fito toka. Ke nan jan namiji mai ɓoye toka, idan aka haɗa shi da jar mace, a cikin kowane 'ya'ya huɗu ana sa ran ɗaya ta fito toka, kuma wannan ɗayar dole mace ce.

Sai na zo kan layin da ya sa na ajiye wayar. Masu kiwo suna da alamar da suke gane irin wannan namiji: ɗige-ɗige baƙaƙe a wutsiya da dogayen gashin fiffike, inda umarnin ja ya ɗan kuɓuce, na ƙasa ya leƙo.

Na daɗe a zaune cikin duhu. Ɗigon da nake baza wa yaran unguwa ina alfahari, su ne shaidar Taubashi, kuma a hannuna suke ranar da ake dukansa. Na kuma tuna wata magana da Inna ta taɓa yi a cikin hira, shekaru da yawa baya, wadda na yi kamar ban ji ba: wai 'yar shilar nan da na bari ta girma ta cika musu gida da 'ya'ya. Mace ce ke nan. Daidai yadda lissafi ya ce.

Wani zai ce ai wannan bai tabbatar da cewa bai musanya ba. Haka ne. Amma ni ban ga ya musanya ba, ba wanda ya gani. Hujjata ɗaya ce tak, wato abin ba zai yiwu ba. Da wannan hujjar ta faɗi, ba abin da ya rage a fili sai rantsuwarsa.

Kamata ya yi washegari in kama hanyar Kalgo. Ban tafi ba. Sai na ci gaba da karatu, ina gaya wa kaina bincike nake yi, alhali gudu nake yi. Wata biyar na yi a haka, kuma ban ce ban ƙaru ba.

Na gane cewa gashin tsuntsu ba a marina ɗaya ake rina shi ba. Melanin ce marina ta farko, kuma ita ta fi yawan aiki: baƙin hankaka nata ne, jan gashin zakara nata ne, zanen zabuwa ma nata ne, inda aka ɗura ya yi duhu, inda aka tsallake ya zama farin ɗigo. Farin balbela kuwa rashin rini ne ɗungurungum. Haske ne ke bugun gashi maras launi ya watse, kamar yadda kumfar sabulu ke yin fari.

Marina ta biyu daga abinci take. Akwai wasu sinadarai na tsirrai, dangin karotin, waɗanda tsuntsu ba ya iya haɗawa da kansa, sai ya ci. Su ne ke sa gwaiduwar ƙwan kazar da ke yawo tana tsattsagar ciyawa ta yi launi sosai, su ne kuma ruwan ɗorawar kanarin da muke sawa a keji. Tsuntsun jan-baki, wanda manoman shinkafa da gero na Kebbi suka fi kowa sanin ɓarnarsa, ruwan ɗorawa yake ci, jikinsa ya juya shi ja ya kai baki. A 2016 aka gano ƙwayar gadon da ke wannan juyi, CYP2J19, a jikin jan kanari da wani ɗan tsuntsu na Ostareliya. A nan gado kaɗai ba ya isa, abinci kaɗai ba ya isa, sai sun haɗu.

Ta uku kuwa ba rini ba ce sam. Ka kama tantabara ka juya wuyanta a rana, za ka ga kore ya koma shunayya, ya sake komawa kore. Babu koren sinadari a wurin. Gashin ne ke da wasu siraran shimfiɗu da ke karya haske, kamar yadda ɗigon fetur ke yin bakan gizo a kan ruwan kwata. Haka ƙyallin ɗawisu yake. Da za ka daka shuɗin gashinsa a turmi, garin da zai fito ba shuɗi ba ne, don ka rushe ginin da ke yin launin. Shi kuwa aku marinarsa daban ce: jan wutsiyarsa wani sinadari ne da danginsa kaɗai ke haɗawa a jikinsu.

Na karanta labarin Charles Darwin, wanda ya fara kiwon tantabaru a gidansa a Ingila a 1855, ya haɗa farare da baƙaƙe, ya sake haɗa 'ya'yansu, sai ga mai ruwan toka da ratsi biyu baƙaƙe ta fito, sak tantabarar dutse wadda duk tantabarun gida suka samo asali daga gare ta. Abin ya ba shi mamaki har ya sa shi a babin farko na littafinsa na 1859. Ashe wadda na raina na ce gama-gari ce, rigar kakannin kakanni ta sanyo.

Har hasbiya na tarar a cikin labarin, hasbiyar nan tamu mai jan da'ira a ido, da ke kuka a kan giginya. A 2018 masu binciken Utah suka nuna cewa zanen ɗigo-ɗigo da ke fiffiken tantabaru da yawa a duniya daga hasbiya aka aro shi, ta hanyar barbara tsakanin jinsunan biyu 'yan ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Tantabarar da ke yawo a titin Landan da irin wannan zane tana ɗauke da guntun gadon tsuntsuwar Afirka.

Abin da ya kawo ƙarshen gudun nawa ba daga Utah ya zo ba. Wani hadisi ne da na karanta tun ina saurayi a zauren malaminmu a Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, inda ba a rasa mai karantar da irinsa. Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Abu Huraira. Wani mutum ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ƙorafin matarsa ta haifi yaro baƙi, yana nufin ba nasa ba ne. Aka tambaye shi ko yana da raƙuma, da launinsu. Ya ce jajaye ne. Aka tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai. Da aka tambaye shi daga ina wannan ya fito, shi da bakinsa ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta jawo shi. Sai aka nuna masa cewa ɗansa ma haka ne. Na koma na duba sharhi, sai na ga malamai sun ce kalmar da aka yi amfani da ita ga launin raƙumin, daga tushenta Larabawa ke kiran toka, daga shi kuma suke kiran tantabara. Jajayen iyaye, ɗa mai ruwan toka. Na haddace wannan, na ci jarrabawa da Mendel, duk da haka shekara 22 ina riƙe da mutum a matsayin ɓarawo.

Ni a kan tsuntsuwa na yi nawa kuskuren. Akwai gidajen da aka yi shi a kan mutum. Mata nawa aka bi da kallon zargi don jariri ya fi uban haske ko duhu? Nawa aka ƙaurace wa don sun haifi zabiya, alhali iyaye biyu baƙaƙe suna iya ɗauke da wannan gado a ɓoye, kowannensu da rabinsa?

A watan Satumba na wannan shekarar ambaliya ta cinye shinkafa a fadamun Kebbi, aka ce mini gonar Taubashi na cikin waɗanda ruwa ya shafe. Na samu dalilin da zan fake da shi. Kalgo ta canja. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, mazauninta na dindindin ya zo kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, gari ya buɗe. Gidan Kawu dai yana nan, sai dai Kawun ne babu, ya daɗe da rasuwa. A inda tukwane uku suke a da, yanzu ɗaki ne guda na laka, bangonsa cike da ramuka, tantabaru na shiga suna fita.

Na yi masa jaje, ya amsa. Aka kawo fura. Sai na ɗauki tsinke na fara zane a ƙasa, Z da Z a nan, Z da W a can, ina bayani kamar ina aji, don ban san ta inda zan fara ɗaya maganar ba. Ya bar ni har na ƙare.

"Malam, ka gama?"

Na ce na gama.

Ya tashi ya shiga ɗakin, ya nuna mini wani rami. "Wanga namiji toka na, matarshi ja. Ɗiyansu, duk wanda yaf fito ja namiji na, duk wadda taf fito toka mace ta. Tun suna cikin rami nike sanin wanda za ni kai kasuwa." Ya kamo wani ja, ya baza wutsiyarsa a gabana. "Wanga kuwa, mai tawada ga wutsiya, kak ka yarda da janshi. Shina da toka ciki."

Bai san Z ba, bai san Utah ba. Ya ce bayan tafiyata da kwandona, gero ya riƙa jiƙawa yana ɗura wa 'yar shilar da bakinsa har ta iya ci da kanta. Daga nan ya shiga haɗa wannan da waccan, yana lura da abin da ke fitowa, don shi ma yana son ya san yadda aka yi aka doke shi a kan gaskiya. Shekara uku ya yi kafin ja da ja su sake ba shi toka.

Na ce, "Ka nuna wa Kawu?"

"Na gwada mishi. Ya daɗe shina kallo, bai ce komi ba. Da rani ya kwaɓa ƙasa ya gina mini wanga ɗaki."

"To ni me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya dube ni. "Wanda ya kira ka ɓarawo, kai za ka bi shi gida da shaida?"

Ba ni da amsa. Na ajiye tsinken, na ce masa na zalunce shi, ya yafe mini don Allah. Ya yi shiru yana shafa bayan tsuntsun da ke hannunsa, har na fara tunanin ba zai amsa ba.

"Na yahe," ya ce. "Amma tun da yanzu ka yarda taka ta, geron da tac ci, ita da ɗiyanta da jikokinta, shekara ashirin da biyu, kai za ka biya. Taubashin banza."

Rabon da ya kira ni da wannan suna tun muna yara. Na yi dariya har hawaye suka zo, kuma ba duka na dariya ba ne.

Da zan tafi ya sa mini biyu a kwali, jar mace da jan namijin nan mai tawada a wutsiya. Ya ce daga zuriyarta ya fito. Tokar da ke ɓoye a jikinsa, ke nan, mai yiwuwa ita ce dai wadda na bari a bakin tukunya, ta bi jiki zuwa jiki har ta dawo hannuna.

Da aka koma makaranta na daina fara darasin gado da wake. Tantabaru nake zana musu, in ba su labarin nan ba tare da na rage komai ba, har da tsumagiyar. Nakan ce musu idan suka ga abin da suke ganin ba zai yiwu ba, su fara tuhumar saninsu kafin su tuhumi mutum. Wasu kan rubuta, wasu kan yi dariya. Akwai yaron da ya zo bayan an tashi ya tambaye ni ko hakan na faruwa da awaki, kuma daga yadda ya yi tambayar na san ba akuya ce ke damunsa ba.

Tantabarun suna bayan ɗakina a Gwandu, na sa musu ƙofar waya saboda muzuru. Ƙyanƙyasa ta farko da ta biyu duk ja suka fito. A ta uku, 'yata ƙarama ta zo da gudu ta ce macen ta sake yin ƙwai, tana tambaya wane launi za su fito. Na ce ta ƙirga kwana 18, sannan ta ƙara haƙuri har gashi ya tsiro. Ta ce to idan wata ta fito daban fa?

Na ce ko wace iri ta fito, tamu ce.